Zana taswirar gishirin ƙasa da tauraron ɗan'adam

Zana taswirar gishirin ƙasa da tauraron ɗan'adam hanya ce ta gano wuraren da gishiri ya taru a ƙasar noma, da auna tsananinsa, ta hanyar hotunan da ake ɗaukowa daga sararin samaniya. Wani rahoto da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa kusan hekta biliyan 1.4, wato kimanin kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa, na fama da gishiri. Bin irin wannan faɗin da ƙafa ana ɗibar ƙasa ba abu ne mai yiwuwa ba.

Yadda gishirin ke taruwa

Wani gishirin na asali ne, daga duwatsu ko ruwan teku. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na ban ruwa. Duk ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, rana ta ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna. In babu magudana mai kyau, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da saiwa, ya jawo wani gishirin sama. Haka ta faru a kwarin kogin Indus a Pakistan, da gonakin auduga na yankin tekun Aral, da kudancin Iraƙi, da kwarin San Joaquin a Amurka.

A ɗakin gwaji ana jiƙa ƙasa har ta ƙoshi, a tace ruwan, a auna yadda yake wuce da lantarki, domin yawan gishiri yana ƙara wucewar lantarkin. Ma'aunin shi ne desisimens a kowace mita. Tun 1954, da ɗakin binciken gishiri na Amurka ya kafa ƙa'idar, ƙasar da ta kai 4 ake kira mai gishiri. Amma shuke-shuke sun bambanta: wake yakan fara raguwa daga wajen 1, shinkafa daga 3, alkama daga 6, sha'ir kuwa yana jurewa har wajen 8.

Abin da tauraron ke gani

Tauraro ba ya auna gishiri. Hasken rana da ƙasa ta mayar sama yake aunawa, launi-launi, har da wanda ido ba ya gani. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce duba ƙasar tsirara. Idan gishiri ya yi ɓawo a sama, wurin yakan yi fari fat, ya fi kewayensa mayar da haske. Wannan hanya tana aiki a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta bushe kuma babu shuka a kanta. Sai dai tana da ruɗi. Farin yashi da ƙasar farar ƙasa su ma suna ƙyalli. Laima tana duhunta wurin, huɗa tana fasa ɓawon, ruwan sama guda yana narkar da shi. Ƙasa mai kanwa ma wani lokaci baƙa take fitowa, don kanwar tana narkar da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta. Babban aibin wannan hanya shi ne kafin ɓawo ya fito fili, gonar ta riga ta daɗe da lalacewa.

Ta biyu ita ce karanta halin shuka, kuma ita ta fi amfani ga manomi. Gishiri yana hana saiwa zuƙar ruwa, sai shuka ta tsumbure ko da ƙasa a jiƙe take. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, yana mayar da hasken da ke gaba da ja, kuma daga bambancin biyun ake lissafa ma'aunin da ake kira NDVI. Hoton shekara guda ba ya isa, domin fari da ƙwari da ƙarancin taki duk suna rage kore. Abin da ke tona asirin gishiri shi ne ba ya ƙaura. Cuta ta zo bana ta wuce baɗi, amma kusurwar gonar da ke naƙasa shekara bayan shekara, ko me aka shuka, ita ake tuhuma. Shi ya sa ake jera hotunan shekaru da yawa.

Taurarin da ake amfani da su

Landsat na Amurka ya fara aiki a 1972, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne. Kowane ɗigo a hotonsa mita 30 ne, kuma tauraro guda yana komawa wuri bayan kwana 16. Tsawon tarihinsa ne ya ba da damar ganin yadda gishiri ya ci wani yanki cikin shekaru hamsin. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigon hotonsa yana sauka har mita 10, kuma taurarinsa a haɗe suna dawowa wuri duk kwana 5. PRISMA na Italiya da EnMAP na Jamus, na 2019 da 2022, suna raba haske kashi sama da 200, har a iya bambance wasu nau'o'in gishiri kamar jifsum, wani farin ma'adini. Radar ta Sentinel-1, wato na'urar da ke aika sigina ƙasa ta karanta abin da ya dawo, tana ratsa gajimare, amma laima da kaushin ƙasa suna rikita saƙonta.

Haɗa hoto da ƙasa

Babu taswirar da ke tsayuwa ba tare da samfurin ƙasa ba. Ana ɗibar ƙasa a wuraren da aka san matsayinsu, ko a bi gona da na'ura irin EM38 mai auna lantarki ba tare da haƙa ba. Sai a koya wa kwamfuta dangantakar waɗannan alƙaluma da hoton, a ƙara mata bayanan tudu da kwari da ruwan sama, ta ƙiyasta sauran wuraren. Dole a ware wasu samfuran da ba ta gani ba a jarraba ta da su, kuma ya kamata a ɗebi ƙasar kusa da ranar da aka ɗauki hoton, tunda gishiri yana hawa da sauka da yanayi. Lissafin da ya yi daidai a wani kwari sau da yawa yakan kasa a wani, saboda ƙasa da shuka sun bambanta.

Hukumomin ban ruwa suna amfani da taswirar wajen zaɓar inda za a fara haƙa magudana, da inda za a wanke ƙasa da ruwa mai yawa, da inda za a zuba jifsum don gyara ƙasa mai kanwa, da inda ya fi dacewa a koma shuka mai jure gishiri.