Waiwaye: Yadda Thomas, kan jirgin ƙasa mai magana, ya samo asali

Ciwon ƙyanda ne silar komai. A 1942 wani limamin cocin Angilika a Ingila, Wilbert Awdry, ya rasa abin da zai lallashi ɗansa Christopher da shi, yaro ɗan shekara biyu da ƙyanda ta kwantar. Sai ya shiga ƙirƙiro masa labarai a kan kawunan jiragen ƙasa masu fuska, masu magana, masu ji da kai. Yaro kuwa ba a sauya masa tatsuniya: da uban ya kauce kaɗan sai ya gyara masa. Dole ta sa Awdry ya rubuta su.

Amma muryar jiragen ta girmi wannan jinya. Awdry ya taso a ƙauyen Box, kusa da layin dogon Great Western, inda akwai tudun da jiragen kaya ke hawa da ƙyar cikin dare, kai ɗaya na ja, wani na turawa ta baya. Yana kwance yana jin hucin tururinsu, sai ya riƙa ji kamar gardama suke yi, wannan na ƙorafi, wancan na ƙarfafa masa gwiwa.

Littafin farko ya fito a 1945, kuma babu Thomas a cikinsa. Edward da Gordon da Henry ne taurarin. Sai a 1946 ƙaramin shuɗin jirgin ya samu nasa littafin. Awdry ya rubuta littattafai 26 kafin ya ajiye alƙalami a 1972, Christopher ɗin nan ya ɗora daga 1983 har jimillar ta kai 42. Tsibirin Sodor da jiragen ke zaune ma ƙagaggen wuri ne, sunansa ya fito daga wani yankin coci da ake kira Sodor da Man.

Awdry mutum ne mai tsantseni a kan ƙa'idar aikin jirgi. Jiragensa na magana, amma ba sa motsi sai da direba da mai zuba kwal, kuma yawancin haɗurran da ya kawo sun taɓa faruwa a zahiri. Horon ma babu wasa: da Henry ya ƙi fitowa daga ramin dutse don kada ruwan sama ya ɓata masa fenti, toshe shi aka yi da bulo.

Shigar labaran talabijin da tuntuɓe ta fara. A 1953 BBC ta gwada shirin kai tsaye da jiragen wasan yara, ɗaya ya goce daga layi, masu kallo suka ga ƙaton hannu ya shigo ya mayar da shi. Daga nan aka soke shirin. Sai a 1984 mai shirya shirye-shiryen talabijin Britt Allcroft ta fito da shirin Thomas a tashar ITV, Ringo Starr na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles yana ba da labari.

Awdry ya rasu a 1997. Bayansa zanen kwamfuta ya maye gurbin ƙananan jiragen da ake ɗaukar shirin da su, kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya mallaki Thomas, a 2018 kuma aka shigo da wani kan jirgi mai suna Nia daga Kenya. A sabon salon 2021 jiragen har tsalle suke yi daga kan layi, abin da nake ganin da limamin na raye, da sai an ji muryarsa.