Diyyar allurar wata uku: wace irin diyya ake nufi?

Tun da labarin matan da ke maka kamfanin magunguna na Pfizer a kotunan Amurka kan allurar Depo-Provera, wato allurar hana ɗaukar ciki ta wata uku, bisa zargin tana jawo ƙari a cikin kai, ya bazu, kalmar diyya ta rasa hutu. Mai sharhi a rediyo zai ce an ci kamfanin diyya. Mai ɗora bidiyo zai ce duk wadda ta taɓa yin allurar wata uku ta shirya karɓar rabonta. Wanda dama yake ƙullace da tsarin iyali kuwa sai ya ce ai ga shi nan, da bakinsu sun amsa. Babu wanda ya faɗi daidai a cikinsu, kuma kalmar ce ke jan su, domin kunnen Bahaushe in ya ji diyya abu biyu yake ji tare: laifi ya tabbata, kuɗin kuma sananne ne.

Kunnen yana da hujjarsa. Daga Larabci muka karɓo kalmar ta ƙofar fiƙihu, kuma a can diyya abu ne mai ma'auni. Ran mutum raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000 a wajen Malikawa. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. In kisan kuskure ne, dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba su ke haɗa kuɗin, a biya cikin shekara uku. Raunin kai ma an bi shi daki-daki: wanda ya tone ƙashi raƙuma 5, wanda ya gusar da ƙashin 15, wanda kuma ya ratsa har ya taɓa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wato ma'muma, sulusin diyya cif. Wannan na ƙarshen ya fi ɗaukar hankalina, domin a jikin wannan tantanin ne ƙarin da ake shari'a a kansa yake tsirowa. Likitoci na kiransa meningioma. Ƙarni da yawa kafin a san hoton ƙwaƙwalwa, malamai sun riga sun yanka wa wurin farashi. Kuma a duk lissafin nan ba a tambayar sana'ar wanda aka ji wa ciwo. Yatsan attajiri da na ɗan dako kuɗinsu ɗaya.

A kotun Amurka babu irin wannan jadawali. Mai ƙara ce za ta zo da takardun asibiti, kuɗin tiyata, albashin da ta rasa, wanda za ta rasa nan gaba, sannan a ƙiyasta wa azabar da ta sha wani adadi, gwargwadon yadda lauyanta ya iya gamsar da mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci. Mata biyu masu ƙari iri ɗaya, a wuri ɗaya a kai, za su iya tashi da kuɗin da babu kusa tsakaninsu, don kawai ɗaya babbar ma'aikaciya ce, ɗaya kuma 'ya'yanta take raino. Su a ganinsu wannan shi ne adalci, kowa a mayar masa da abin da ya rasa. Ni dai har yau bai kwanta mini ba. Abin da ya fi kusa da shi a fiƙihu shi ne hukuma, ƙiyasin da ake yi wa raunin da nassi bai yanka masa adadi ba. Akwai kuma wani kuɗi daban da akan ɗora don horo idan an tabbatar da ganganci. Shi ma mai ƙara ke karɓa, saɓanin tara, wadda aljihun gwamnati take shiga.

Sai batun laifin. Allurar ba sabuwa ba ce: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don hana ɗaukar ciki a 1992, a 2004 kuma aka ƙara mata gargaɗi mai ƙarfi kan raguwar ƙwarin ƙashi. Matan ba su je kotu da cewa guba aka ba su ba, ba su kuma ce an shirya musu makirci ba. Ƙashin bayan ƙarar shi ne rashin gargaɗi: kamfanin ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa daɗewa ana allurar na iya jawo wannan ƙari, amma takardar da ke cikin kwalin maganin a Amurka ba ta faɗa ba. Da an faɗa, in ji su, da sun zaɓi wata hanyar. Kamfanin ya musanta.

Abin da ya tayar da ƙurar shi ne binciken da masana a Faransa suka wallafa a mujallar likitanci ta BMJ a watan Maris na 2024. Sun duba mata 18,061 da aka yi wa tiyatar wannan ƙari tsakanin 2009 da 2018, suka gwada su da wasu 90,305 da ba su da shi, suka ga cewa wadda ta shekara ɗaya ko fiye tana allurar haɗarinta ya ninka kusan sau 5.6. Wannan adadin kowa ya haddace shi. Wanda ba a faɗa shi ne mata 9 kacal daga rukunin farko suka yi allurar, 11 daga na biyu, saboda ba a cika yin ta a Faransa ba. Binciken bai zama ƙarya don haka ba, hukumomin magunguna a Turai ma sun ɗauke shi da gaske har aka gyara gargaɗin. Amma ninki biyar na abin da ba kasafai yake faruwa ba, har yanzu ba kasafai ba ne. Galibin irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, a hankali yake girma, ya fi kama mata ko da allura ko babu. Nan wahalar mai ƙara take: ba ta tsaya ga nuna cewa allurar na iya jawo shi ba, sai ta nuna cewa nata ita ce ta jawo.

Kariyar Pfizer ita ma ba ta kan lafiyar allurar kaɗai ta tsaya ba. Kamfanin ya ce a 2024 ya nemi FDA ta bar shi ya ƙara gargaɗin, hukumar ta ƙi, don haka ba za a kama shi a ƙarƙashin dokar jiha da abin da hukumar tarayya ta hana shi yi ba. Wannan tsohuwar gardama ce a can. A 2009, a shari'ar wani magani daban, Kotun Ƙolin Amurka ta ce amincewar FDA ba ta hana a kai mai asalin magani ƙara kan ƙarancin gargaɗi. A 2011 kuma ta ce kamfanonin da ke yin kwafin maganin ba za a kama su da wannan ba, tunda doka ta tilasta musu bin rubutun mai asali kalma da kalma. Wato illa ɗaya, sinadari ɗaya, amma sunan da ke jikin kwalba na iya buɗe wa wata ƙofar kotu ya rufe wa wata. Wa zai ji wannan ya kira shi diyya da ma'anar da muka sani?

Ruɗani na ƙarshe shi ne na rabo. A watan Fabrairu na 2025 an tattara ƙararrakin da ke kotunan tarayya aka kai su gaban Mai Shari'a Casey Rodgers a arewacin jihar Florida. Tattarawa ce don sauƙin aiki, kada alƙalai da yawa su yi ta sauraren shaida iri ɗaya. Ba ƙara ɗaya ba ce da ake shigarwa a madadin jama'a a raba musu kuɗi. Kowace mace da fayil ɗinta, da shaidar ta yi allurar, da hoton da ya nuna ƙarin, da wa'adin da dokar jiharta ta ba ta, wanda in ya wuce shi ke nan. Akan zaɓi 'yan kaɗan a fara gwada su, ɓangarorin biyu su ga inda iska ke kaɗawa. Yawancin irin waɗannan shari'o'i da sulhu suke ƙarewa, kuma takardar sulhun kusan kullum tana ɗauke da layin da ke cewa kamfani bai amsa laifin komai ba. Lauyoyin da tallarsu ta cika intanet ba sa karɓar ko sisi a farko, gaskiya ne, amma in kuɗi ya fito sukan ɗauki sulusi zuwa kashi 40 cikin 100, a cire abin da aka kashe a shari'ar, kamfanin inshorar da ya biya kuɗin tiyata shi ma ya zo ya karɓi nasa.