Gidajen rediyon Khartoum daga azumin 2023 zuwa azumin 2024

Tsakanin 15 ga Afrilu 2023 da 12 ga Maris 2024 gidajen rediyon babban birnin Sudan sun yi tsit kusan dukkansu, wato Khartoum da Omdurman da Bahri, garuruwa ukun nan da ake haɗawa a ce asima. Ranar farkon ita ce ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa ƙarƙashin Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Hemedti, waɗanda a nan ake ce wa Da'am Sari, ta biyun kuma ranar da soja suka ƙwato ginin rediyo da talabijin na ƙasa a Omdurman. Duka biyun cikin watan azumi suka faɗo.

Yadda abin yake kafin yaƙi

Uwar gidajen dai ita ce Rediyon Omdurman mai kirarin "Huna Omdurman", Turawan Ingila ne suka buɗe ta a 1940 don ba da labarin yaƙin duniya na biyu, daga wani ɗan ɗaki a gidan waya, ana sa lasifika a fili mutane su taru su ji tunda akwatin rediyo ba kowa ke da shi ba. Daga baya ta koma unguwar Mulazmin a bakin kogin Nilu, talabijin ya zo ya same ta a 1962.

Mu Hausawan Sudan muna da namu kaso a gidan nan, kuma ba ƙarami ba. Mace ta farko da ta yi waƙa a wannan rediyo Bahaushiya ce, Aisha Musa Ahmad da aka fi sani da Aisha Falatiya, haifaffiyar Kassala, ta shiga ɗakin ɗaukar murya a farkon shekarun 1940 lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa a bainar jama'a, ta rasu a 1974. Muryarta da ta mawaƙan haƙiba (tsohon salon waƙar Sudan) da jawaban shugabanni tun na samun 'yanci a 1956 duk an taskace su a ma'ajiyar faya-fayan gidan, wadda ake lissafawa cikin mafi tsufa da girma a Afirka. Duk wanda ya san haka ba zai kalli ginin a matsayin ofishin gwamnati kawai ba.

FM masu zaman kansu kuwa sai wajen 2004 suka fara, da Mango 96. Kafin yaƙi sun fi goma a birnin, akwai Riyadiyya 104 ta ƙwallo inda magoya bayan Hilal da Merrikh ke bugo waya suna musu, akwai Capital 91.6 mai shirye-shirye da Turanci, ga Hala 96, ga na addini, ga FM 100 ta gwamnati mai suna Al-Bait al-Sudani, 'yan sanda ma suna da tasu Sahirun, soja suna da tasu. Direban raksha (keke mai ƙafa uku) da mai shayi a bakin titi da tela a unguwar Mayo, FM ɗin nan ce abokiyar hirarsu tun safe.

Abin da ya kashe su

A kwanakin farko na yaƙin Da'am Sari suka shiga ginin Omdurman suka mai da shi sansani, shirye-shirye suka katse. Ƙananan tashoshin kuma ba sai an kai musu hari ɗaya bayan ɗaya ba, yanayin da kansa ya ishe su, don yawancinsu ofisoshinsu na tsakiyar gari ne inda wuta ta fi zafi, ma'aikaci ba ya iya fita daga gida balle ya haye gada, lantarki ya ɗauke, janareto na son mai kuma man babu, sannan kuɗin da tashar FM ke rayuwa da shi na talla ne, to wa zai ba da talla alhali an wawashe kasuwanni da masana'antun Bahri? FM kuma ba ta tafiya nesa, dole sai da na'ura da eriya a kusa da mai sauraro, ba ka iya kwashe ta ka gudu ka ci gaba da magana da mutanen Khartoum daga wani gari.

Ma'aikata suka watse, wasu Masar, wasu Port Sudan inda gwamnati ta koma kuma kafofin ƙasa suka bi ta, wasu Wad Madani. Na Madani ba su daɗe ba aka sake tashinsu, a Disamba 2023 garin ya faɗa hannun RSF.

Dawowar gajeren zango

Wani abin mamaki a shekarar shi ne a Janairu 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85, ana cewa zamani ya wuce shi kowa ya koma waya. Wata uku da 'yan kwanaki kacal, ranar 2 ga Mayu, sai ga ta ta buɗe shirin gaggawa na musamman don Sudan a gajeren zango. Rediyo Dabanga ma, da ke watsawa daga Holan tun 2008 wadda da farko don Darfur aka yi ta, ta zama ta mutanen asima su ma.

Amfanin wannan ya fito fili a Fabrairu 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. Ba kira, ba WhatsApp, manhajar Bankak da ake tura kuɗi da ita ta tsaya, sai wanda ya samu wurin Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ya biya. A lokacin tsohuwar akwatin rediyo mai batir, irin wadda dattawanmu ba su taɓa yarda a jefar ba saboda jin BBC Hausa da Muryar Jamus, ita ce ta rage a gida mai kawo labari. Wallahi sun fi mu hangen nesa a nan. Sai dai fa tashar waje tana gaya maka abin da ke faruwa a ƙasa ne, ba ta san wace gada aka rufe yau ba ko wane gidan burodi ke aiki a unguwarku, ba ta karanta sanarwar rasuwa. Wannan aikin na rediyon gari ne, kuma shi aka rasa.

Maris 2024

A Fabrairu sojan da ke Karari a arewacin Omdurman suka haɗe da na barikin Muhandisin da ke kudancinta, aka yi wa Mulazmin ƙawanya, ranar 12 ga Maris, biyu ga azumi, soja suka sanar sun karɓe ginin. Wata goma sha ɗaya ke nan faya-fayan tarihi suna zaune a tsakiyar fagen fama, ga ƙonannun motoci a harabar. Karɓe ginin bai sa an koma aiki cikinsa nan take ba, watsa shirye-shirye ya ci gaba daga Port Sudan, Khartoum da Bahri kuma yawancinsu suna hannun RSF har lokacin. Fadar shugaban ƙasa da ke tsallaken kogi sai 21 ga Maris 2025 soja suka shige ta.