Me ake nufi da "faɗuwar kanel"?

Tun ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 har jirage suka kasa tashi, kalmar kanel ta shiga bakin kowa. Yanzu ko wata manhaja ce ta ƙi buɗewa, sai ka ji an ce kanel ya faɗi, alhali kanel shi ne jigon tsarin sarrafa kwamfuta da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa (wato wurin riƙe bayanan da ake aiki da su) da lokacin aiki, kuma idan ya faɗi babu abin da ke sake motsi a na'urar.

Inda ruɗanin ya fi ba ni haushi shi ne batun ƙwaƙwalwar tarayya, wato yankin da manhajoji da yawa ke karantawa da rubutawa tare. A Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, akwai iyakoki biyu da ake yawan taɓawa: shmmax, iyakar girman yanki ɗaya, da shmall, iyakar jimillar yankunan duka. A da, shmmax bai wuce megabait 32 ba, saboda haka tsarin adana bayanai irin PostgreSQL kan nemi fiye da haka a hana shi, ya ƙi tashi. Wannan ba faɗuwa ba ce. Kanel yana nan daram, ƙin amincewa kawai ya yi, kuma aikinsa ke nan.

Ɓarnar tana zuwa ne wajen gyara. Ana ƙirga shmmax da bait, shi kuwa shmall da shafuka, kowane shafi galibi bait 4096, amma mai gaggawa sai ya kwafi lamba ɗaya ya zuba a duka biyun, ya ba da izinin abin da ya ninka ƙwaƙwalwar na'urar sau dubbai. Irin wannan yanki kuma ba ya sakin wurinsa ko da manhajar da ta buɗe shi ta mutu. Idan wuri ya ƙare, kanel zai yi ta kashe manhajoji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya samu sarari ba, har ya rasa wadda zai kashe, sannan ya tsaya cak. Nan ne kalmar "faɗuwa" ta dace.

A ganina yawancin masu taɓa lambobin nan yau shawarar da ta tsufa suke bi, domin PostgreSQL ya daina dogaro da su tun fitowar 9.3 a 2013, Linux ma ya ɗage iyakokin a 2014. Kafin a zargi kanel, a duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, sannan a buga umarnin ipcs a ga yankunan da aka bari babu mai su.