Dirzar fuska da dare ba ta kawar da ƙuraje

An daɗe ana cewa datti ne ke kawo ƙurajen fuska, shi ya sa wasu ke dirje fuska da soso da sabulu mai ƙarfi kafin kwanciya. Ganin baƙin ɗigon nan a kan hanci, ba laifi mutum ya zaci datti ne.

Amma ƙurji daga ciki yake tasowa. Maiƙon da fata ke fitarwa ne ke haɗuwa da matattun ƙwayoyin fata su toshe ramin gashi, musamman lokacin balaga. Baƙin ɗigon kuma toshiyar ce ta yi duhu da iska ta taɓa ta. Dirza ba ta kai wa can. Sai dai ta ƙuje fata, ƙurajen su ƙara kumbura, su bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni.

Da dare, a wanke fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mai laushi, da yatsu kawai, kamar minti ɗaya. A tsane da tawul mai tsabta, kada a goga. Mai amfani da maganin ƙuraje na shafawa da ake kira benzoyl peroxide ya fara da na kashi 2.5 cikin ɗari, shafa kaɗan, kuma ya sani yana koɗar da launin rigar matashin kai. Sannan a shafa mai mara nauyi, ko da fuskar mai maiƙo ce, balle da hunturu.

Gwajin mai sauƙi ne: idan fuska ta ɗaure ko tana raɗaɗi bayan wanki, wankin ya yi tsanani. A ba tsarin mako 6 zuwa 8. In babu sauyi, a ga likitan fata. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.