Waiwaye: yadda 'yan kwana-kwana suka koyi ja da baya daga tankin gas

In ka ga tankar gas tana ci da wuta, 'yan kwana-kwana sun zo sun tsaya can nesa suna ta korar mutane maimakon su kutsa da mesa, toh kar ka yi saurin zaginsu, ba tsoro ba ne kuma ba lalaci ba. Abun da ake koya musu kenan yanzu, kuma ba a aji aka fara gano shi ba, sai da aka yi ta kwasar gawarwakin abokan aikinsu tukuna.

Matsalar daga shi kansa gas ɗin take. Furofen da butan da ake ɗurawa a tanki ko silinda ruwa-ruwa ne a ciki, matsi ne ya maida su haka. Furofen a digiri 42 ƙasa da sifili yake tafasa, kaga kenan a yanayin da muke rayuwa ya daɗe da wuce tafasa, ƙarfen tankin ne kawai ya danne shi. Lita 1 in ta samu ƙofa tana zama kusan lita 270 na iska mai kamawa, kuma ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yana shiga kwata da ramuka har ya tarar da abun da zai kunna shi. Sannan ba a cika tanki maƙil, wajen kashi 80 zuwa 85 ake tsayawa, sama tururin gas ɗin ne. Toh in wuta tana lasar ƙasan tanki inda ruwan yake, ruwan na shanye zafin, kamar dai tukunya a kan murhu, muddin da ruwa a ciki ba ta ƙonewa. Amma sama ba abun da ke sanyaya ƙarfen, sai ya yi ta ɗaukar zafi yana laushi, matsi na tura shi daga ciki, har ya tsage, duk ruwan nan ya tafasa a lokaci guda, wuta ta tashi curi guda, guntayen ƙarfe su yi ta shawagi. Injiniyoyin Factory Mutual a Amurka ne suka raɗa wa abun suna BLEVE tun 1957, amma sanin suna daban, sanin abun yi a gaban tanki daban.

Feyzin ce ta fara buɗe wa duniya ido. Matatar mai ce kusa da Lyon a Faransa, ranar 4 ga Janairu 1966 da sassafe ma'aikata suna tsiyaye ruwa daga ƙasan wani ƙaton tankin furofen mai siffar ƙwallo, sai bawul ya daskare a buɗe ya ƙi rufuwa, gas ya kwarara har bakin titi, wata mota ta kunna shi, wutar ta biyo baya har gindin tankin. 'Yan kwana-kwana sun zo sun ga bawul ɗin tsaro na sama yana ta fitar da gas yana ci, sai hankali ya kwanta, wai ai tunda yana numfashi ba zai fashe ba, aka maida ƙarfi wajen sanyaya tankunan da ke maƙwabtaka da shi. Nan ne kuskuren, kuma gaskiya a wancan lokacin kusan kowa haka ya ɗauka. Bawul ɗin tsaro matsi yake ragewa, ba ruwansa da laushin ƙarfe, hasali ma duk fitar da yake yi ruwan ciki raguwa yake, busasshen ƙarfen da wuta ke ci yana ƙaruwa. Bayan kamar awa ɗaya da rabi tankin ya tarwatse. Mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne.

Shekara bakwai bayan nan sai Kingman a jihar Arizona ta Amurka, 5 ga Yuli 1973. Taragon jirgin ƙasa ne ɗauke da furofen, ana sauke shi sai aka ga yoyo a mahaɗa, wajen ɗaure ta wuta ta tashi. Su ma suka matso da mesa suna ƙoƙarin sanyaya tanki da ruwan da bai isa ba, jama'a kuma sun yi cincirindo suna kallo. Ko rabin awa ba a yi ba ya fashe, 'yan kwana-kwana 11 suka tafi. Hotunan wannan ranar an daɗe ana nuna su a makarantun horar da masu kashe gobara. A 1977 gwamnatin Amurka ta tilasta a riƙa sa wa irin waɗannan taragu rigar kare zafi, da garkuwar ƙarfe a gaba da baya, da mahaɗar taragu da ba ta zamewa ta huda tankin da ke kusa.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne na Waverly a jihar Tennessee, saboda babu ma wuta. Jirgi ya kauce daga layi ranar 22 ga Fabrairu 1978, tankin gas ya bugu amma bai yi yoyo ba, aka kori mutane, da aka ga shiru sai aka sassauta. Ran 24 ga wata, garin ya ɗan yi ɗumi, ana shirin kwashe gas ɗin, tsagewar da ke jikin ƙarfen ta buɗe. Mutum 16 suka mutu, har da shugaban 'yan kwana-kwanan garin da na 'yan sanda. A wannan shekarar ce kuma, 11 ga Yuli, wata tanka da aka yi wa lodin gas ɗin furofilin fiye da kima, ba ta ma da bawul ɗin tsaro, ta fashe a gefen sansanin 'yan hutu na Los Alfaques a Sifaniya, fiye da mutum 200 suka ƙone.

Sai a 1979 aka ga ɗaya fuskar. A Mississauga ta Kanada jirgi ya faɗi da furofen da kuma sinadarin kulorin mai guba, tankuna suka yi ta fashewa, hukuma ba ta tsaya jarumta ba, ta kwashe mutum sama da 200,000 daga gidajensu, aka bar gas ya ci kansa ana sanyayawa daga nesa. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Ni a ganina daga nan ne kwashe jama'a ya daina zama abun kunya ga masu kai ɗauki.

San Juanico kuwa ta nuna cewa akwai wutar da tun kafin ta tashi an riga an yi asara. Ma'ajiyar gas ce ta kamfanin Pemex a gefen birnin Meksiko, 19 ga Nuwamba 1984 da asuba bututu ya fashe, tankuna suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, an tsinci ɓaraguzan wasu a nisan sama da kilomita 1, mutum fiye da 500 suka mutu, dubbai suka ji rauni. Gidajen talakawa sun riga sun matso har kusa da katanga, tankunan kuma a cunkushe. Wace motar kashe gobara ce za ta gyara wannan? Shi ya sa maganar ta koma kan tazara tsakanin tankuna, da na'urar jin yoyo, da bawul ɗin da ake rufewa daga nesa, da binne tanki a cikin tudun ƙasa, da hana gini kusa. Turai ma tun 1982 ta fitar da dokar Seveso wadda ta ɗora wa irin waɗannan masana'antu tsara shirin ko-ta-kwana.

Abun da ya fito daga duk wannan yana cikin wani ɗan littafin jagorar kai ɗauki (Emergency Response Guidebook) mai bangon ruwan lemo da Amurka da Kanada da Meksiko ke sabuntawa duk shekara 4, wanda masu kai ɗauki ke ajiyewa a mota. Ka duba lambar da ke jikin tanka daga nesa, 1075 ko 1978 gas ne. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Kar ka kashe wutar da ke ci a bakin yoyo sai in za ka iya toshe yoyon, wannan shi ne wanda mutane suka fi kasa ganewa, amma gas ɗin da ke ci ka san inda yake, wanda ka kashe kuwa yawo zai tafi yi ya taru ya jira tartsatsi. In za a zuba ruwa, a zuba mai yawa a saman tanki da bututun da ake kafawa a bar shi shi kaɗai, in ruwan bai isa ba a haƙura. Da an ji ƙarar bawul tana ƙaruwa ko an ga launin tanki na sauyawa, a bar wajen nan take. In tanka ko tarago ne wuta ta kama, a nisanta kowa mita 1,600 ta kowane ɓangare.

Kuma fa ko bayan an rubuta duk wannan wasu tsofaffin koyarwa sun ƙi mutuwa. An daɗe ana cewa kai da gindin tanki ne haɗari, in ka tsaya ta gefe ka tsira. A 1998 a wata gona kusa da Albert City a jihar Iowa, 'yan kwana-kwana na sa-kai suka tsaya ta gefen tankin furofen da ke ci, kamar mita 30 tsakaninsu, bisa wannan koyarwar. Da ya fashe guntayen ƙarfe ta ko'ina suka bi, biyu suka mutu, bakwai suka ji rauni. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan horon da aka ba su, daga baya aka gyara littafin, aka cire batun kai da gindi, aka ce a nisanci tankin gaba ɗaya.