Kile na da wuri fal, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma

Ranar nan a kasuwar Garwa ta Kamaru wani yaro mai tura fina-finai ya sha masifar wata hajiya, bidiyon bikin 'yarta jiga 6, kile ɗin (filashin USB) da ya sayar mata jiga 32 sabo fil, amma abu ya ƙi shiga. Ta rantse jabu ne. Shi ko sai "Hajiya ki yi haƙuri" yake ta yi, shi kansa bai san tsarin FAT32 da ke kan kile ɗin ne ya ja masa ba.

Zancen tsoho ne. Tun 1977 Microsoft ta fito da tsarin FAT na jera fayiloli a faifai, a 1996 aka yi FAT32, kuma yadda aka gina shi fayil ɗaya ba ya wuce jiga 4 komai girman faifan, to lokacin wa ya yi zaton za a zo ana ɗaukar kamu da walima awa uku da waya. Abin da ya hana shi mutuwa kuwa kowa na jin yarensa, kamar Fulatanci ne a kasuwar nan, Windows da Mac da Linux da talabijin har rediyon mota duk suna gane shi.

Sauran kowa gidansa ya gina. NTFS na Windows tun 1993 yake, Mac zai karanta shi amma ba zai rubuta a kai ba sai ka sa wata manhaja. Ext4 na Linux kuwa Windows cewa zai yi ka yi fomat, wato a goge komai, ɗalibai nawa suka danna "oui", wato "eh", aikin shekara ya tafi.

A 2006 exFAT ya zo ya cire wancan shinge na jiga 4, Mac ya karɓe shi a 2010, sai dai Microsoft ta riƙe haƙƙinsa tana karɓar kuɗi, sai 2019 ta buɗe bayanansa sannan ya shiga cikin Linux sosai. Ni dai shi nake sa wa kile, amma ba na ajiye abu mai muhimmanci a kansa kaɗai, don ba ya rubuta abin da yake shirin yi yadda NTFS ke rubutawa, a ɗauke wuta ana tsaka da kwafi ka ga ta kanka.

Yaron ya juya mata kile ɗin zuwa exFAT, bidiyo ya shiga. Washegari ta dawo, tsohon talabijin ɗinta bai ga komai ba, ƙarshe dai raba bikin aka yi gida biyu aka koma FAT32.